Layin Nauyin Sama'ila

Ruƙayya ta ɗiga ɗigo na shida a karnen Sama'ila, wato takardar awon nauyinsa, ta ja layi, sai ta tsaya da biro a hannu.

Shekararta tara tana awon yara a gidan likita na wani gari kusa da Tibiri. Yaro mai lafiya layinsa hawa yake yi a takardar, mai tamowa nasa ya gangara. Na Sama'ila kuwa kamar haƙoran zarto: wata ɗaya kilo bakwai, wata na gaba biyar da rabi, sannan bakwai da ɗoriya.

Ta fara zargin ma'auni. Ta ɗora jarkar ruwa mai lita biyar, ya nuna daidai. Ta zargi abokiyar aikinta da rubutun ganganci, sai ta ga rabin lambobin da hannunta ta rubuta su.

Saura uwar, Ladidi. Kullum ita ce ƙarshen layi, yaron lulluɓe cikin zane, ba ta yarda ta haɗa ido da kowa. Tana karɓar abincin tamowa ta yi gaba. Wata rana yaron ya tsala ihu a ma'auni, wata rana ya kwanta lamo. An sha kama mata suna sayar da abincin a kasuwa, kuma majo, shugaban gidan likitar, ya ce duk wadda aka kama a soke sunanta.

Ruƙayya ba ta son ta soke sunan kowa kan zato. Ran Laraba da hantsi ta hau kabu-kabu zuwa ƙauyen su Ladidi, ta shiga gidan da sallama ɗaya, ba ta jira amsa ba.

Ta tarar da ledojin abincin cikin ƙwarya, duk an tsotse su tas, babu alamar na sayarwa. Ladidi na zaune kan tabarma, yaron a cinyarta. Ruƙayya ta buɗe karnen, ta nuna mata layin, ta ce yau sai ta ji gaskiya.

Ladidi ta dubi layin. Sannan ta miƙa hannu ta ɗaga labulen ɗaki, inda wani jariri siriri ke barci.

"Madam, wanga na cinyata shi ne Sama'ila. Wancan ɗan ƙanwata ne, ta rasu wurin haihuwa tai, ba shi da karne. Shi ya sa nike kawo miki su bi da bi."