Agogon Ritaya

"Baba, har kyautar ma sai ka gwada?" 'yarsa ta tambaya tana dariya.

Ya kwance sabon agogon daga hannunsa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wani kamfanin ƙera agogo yana gwada agogunan masu hannu da shuni. Duk agogon da ya kuskure da fiye da sakan shida a rana, ba ya barinsa ya fita kasuwa. Jiya aka yi masa bikin ritaya. Manaja da kansa ya ɗaura masa wannan na zinariya, ya ce, "Irinka sai irinsa." Har ƙwalla Baba ya yi a gaban mutane.

Ya ɗora agogon a kan na'urar gwaji. Yana latti da sakan arba'in a rana. Ya juya shi, ya sake gwadawa. Haka dai.

"Wataƙila na'urarka ce ta tsufa, Baba."

Ya maƙala madubin ƙara girma a ido, ya buɗe murfin baya. A ciki an zana wasu ƙananan haruffa.

"Me aka rubuta?"

"Bai ci gwaji ba, a jefar." Ya mayar da murfin a hankali. "Rubutuna ne. A bara ni na cire shi daga cikin na sayarwa."