Faranti da Garin Alkama

Ina ɗan shekara shida muna zaune a unguwar Hor Al Anz a ƙasar Larabawa, falo ɗaya muke rabawa da wasu 'yan Indiya. Matar gidan, wadda muke kira Anti, takan baza garin alkama a faranti ta koya wa 'ya'yanta haruffan Punjabi. Wata rana da la'asar ta kama yatsana ta ja layi, ta rataya haruffa a ƙarƙashinsa kamar shanya. "Ura, aira," in ji ta, tana kiran sunayen haruffan, hannunta na ƙamshin citta. Sai ta share garin ta ce in zana mata na yarenmu.

Na ruga wurin Baba, yana shirya kayan mutane da zai aika Kano. "Baba, Hausa tana da haruffa?"

Ko kai bai ɗaga ba. "Wa zai ɗauke ka aiki da Hausa? Khalas, ya isa, je ka karanta Turancinka."

A lokacin nan fa alƙalami na hannunsa, yana rubuta sunayen masu kaya da ajami a jikin kwali.

Har yau ina gane ura da aira. Rubutun mahaifina kuwa, sai an karanta mini.