Mai Jan Ƙafa A Bayan Layi

Kun taɓa ganin gwanar keke da take yi kamar ba ta iya ba? To Marnie kenan! Duk Asabar 'yan unguwarsu a garin Geelong na ƙasar Ostireliya suna hawa keke suna bin shagunan kek, shi kuma Tevita aikinsa ya tsaya a baya kar a bar kowa. Wata biyu tana jan ƙafa don kawai ta jera da shi, kafin su iso an cinye komai.

Rannan aka je wani shagon da ba su saba zuwa ba, suna shiga sai ga hotonta a bango riƙe da kofin tsere!

Tevita ya ce, "Marnie, ba ke ce kike cewa tudu zai kashe ki ba?"

Ta ce a ranta shikenan ta rasa shi. Sai ta ce masa, "Yi haƙuri, na ja maka asarar kek."

Sai ya ɗaga wa mai shagon hannu. Matar ta fito da kek mai kwakwa guda biyu da ta ɓoye.

Tevita ya ce, "Nan nake sayen burodi, sarkin wayo. Tuni na ga hoton, na yi shiru kar ki ƙara gudu."

Wayyo daɗi! Don Allah ku tura wa ƙawayenku su karanta!