Jan Hatimin Asabe

Tun da aka kafa dokar auna littattafan kisan kai, ba marubucin da ke kai aikinsa maɗaba'a sai na'urar gwamnati ta karanta shi. Koren hatimi na nufin dabarar kisan tatsuniya ce kawai. Ja kuwa, sai a girke ɗan sanda a ƙofar gidanka, masu karatu su yi ta rububin littafin.

Ranar Talata Lantana ta kai littafinta na tara. Malam Tanimu, ma'aikacin ofishin, ya miƙo mata shi da kore, kamar kullum.

"Shekara biyu ina haɗa gubar da ke cikin littafin nan, Malam," in ji ta. "Asabe fa? Da hannuna na koya mata rubutu, amma littafinta na farko ya sami ja. Jiya har kujera na ga ta fito wa ɗan sandanta da ita, don unguwa ta gani."

"Hajiya, ba kyan rubutu na'urar ke dubawa ba." Ya rage murya. "Dabarar da aka taɓa gwadawa ta yi aiki, ita take ba wa ja."

Nan take Lantana ta tuna. A littafin Asabe, da guba a cikin fura aka kashe wani attajiri. Bara kuma ita da kanta ta je wa Asabe gaisuwar mijinta, wanda ya sha fura ya kishingiɗa bai tashi ba.

Ta fito tana ƙwafa. Wasu dai komai sai ya zo musu daidai. Ita nata mijin yana gida lafiyarsa ƙalau, yana jiran abincin rana.