Bokitan Ɗakin Ajiya

Shekara uku ke nan rufin ɗakin ajiya na gidan adana zane-zane yana yoyo, shekara uku ma'ajiyar gidan tana tare ruwan da bokiti. Har abokan aiki suka laƙaba mata Inna Bokiti. Ba ta damu da sunan ba. Damuwarta zane goma sha biyu ne na takarda, da wani tsohon mai zane ya damƙa mata hannu da hannu lokacin da idanunsa suka mutu.

"Amana ce, 'yata," ya ce mata a ranar. "Ba zan ƙara yin wasu ba."

Ta rubuta wa shugaban gidan takarda har ta gaji. Abin haushin, ba wai babu masu taimako ba ne. Akwai wata 'yar kasuwa da duk shekara sai ta tambayi abin da ake buƙata. Bara shugaba ya ce mata ƙofar gilashi. Bana ya ce fitilun ado.

"Ranka ya daɗe, a gaya mata maganar rufin nan mana," in ji Inna Bokiti.

"Ki bar kaza cikin gashinta. Wa zai zuba dukiyarsa a gidan da ke yoyo? Mai bayarwa kyau yake son gani."

Ranar da za a buɗe fitilun, shugaba ya shigo ɗakin ajiya tun da safe, don za a zagaya da baƙuwar, wato 'yar kasuwar nan, har can. Ya sa aka kwashe bokitan. Da ya ga tabon ruwa ya yi wa bango jirwaye, sai ya ce a ciro zanen tsohon daga akwatin ƙarfe a rataya a kan tabon.

"Nan fa ruwan ke bi, ranka ya daɗe."

"Na awa biyu ne kawai. Ke kin cika ƙorafi."

Baƙuwa ta leƙa, ta yaba, aka wuce. Shugaba ya kulle ɗakin ya jefa makulli a aljihu, don ya san halin Inna, yana juya baya za ta maido da bokitanta.

Ana tsakiyar jawabi hadari ya haɗu. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Inna ta matsa gefen mumbari tana yi wa shugaba alama da hannu, shi kuwa ya ɗauke kai, ya ci gaba da jero godiya shafi bayan shafi. Da ta ga abin ba na ƙare ba ne, sai ta ajiye kunya ta ɗaga murya a gaban kowa:

"Makullin nan, don girman Allah!"

Kafin a buɗe, aikin gama ya gama. Launi ya bi bango ya taru a ƙasa, takardun sun jiƙe sun yi laushi.

'Yar kasuwar ta daɗe tana kallon rufin, sannan ta juyo wajen shugaba. "Sau nawa na tambaye ka abin da kuke buƙata? Gyaran nan ai bai kai rabin fitilun can ba. Me ya hana ka faɗa mini?"

Shugaba ya shiga gyara hula.

Tsohon mai zanen ma yana cikin waɗanda aka gayyata. Ya biyo hayaniyar yana dogara sanda, ya lalubi bango, yatsunsa suka nutse cikin jiƙaƙƙiyar takarda.

"'Yata, wanne ya rage?"

Inna Bokiti ta dubi bangon daga farko har ƙarshe. Ko ɗaya. Ta kama hannunsa ta ce, "Babu, Baba."

Jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In mai taimako ya tambayi buƙatarku, ku kai shi inda ke yoyo. Wanda ya ɓoye ɓaraka don a yabe shi, amanar mutane yake sawa a bakin ruwa.