Ranar da Aslaug Ta Ga Daɓe

Ka taɓa ganin ɗakin da kyanwa ta shiga ta ɓata, har aka fid da rai da ita? To, ɗakin aikin Torleif ke nan, wani ɗan ɗakin katako da ke zaune kan gungume biyu a bayan gidansa, daf da bakin ruwa. Zarto kan baro, baro kan injin kwalekwale, tsani ya tokare taga. Shi kansa Torleif a karkace yake shiga.

Da kyanwar ta fito a rame, matarsa Aslaug ta sauko da akwatinta ta ajiye a falo. Ta ce ko dai ta ga daɓen ɗakin nan da idonta kafin bikin tsakiyar bazara, ko ta koma wurin ƙanwarta a Bergen, shi ya zauna ya auri gudumominsa.

Torleif ya gwada. Ya ɗaga sifana ya ajiye, ya ɗaga filaya ya ajiye, zuciyarsa ta ƙi. Sai Aslaug ta faɗa a kantin gari cewa ran Asabar akwai aikin gayya a gidansu, duk wanda ya zo ya taimaka a kai tarkace juji.

A garin nan, in aka kira gayyar fentin coci, kowa sai ya tuna yana ciwon baya. Mutane ne masu kawaici kuma, sun gwammace su yi shekaru suna haɗiye magana da su ɓata wa maƙwabci rai. Amma ran Asabar tun ba a ɗora gahawa ba layi ya kai titi. Har tsohuwa Gunvor ta zo da sandarta, ita da ko jana'iza ta daina zuwa.

Babu wanda ya tambayi ta ina za a fara. Gunvor ta kutsa can ƙurya ta fito rungume da keken ɗinki. Sverre mai kamun kifi ya ciro injin kwalekwalen, ya naɗe shi da bargo kamar jariri. Aslaug ta lura akwai haruffa a ƙotar kayan, wani G, wani S, wani O, ta ce ashe tsohon nata yana da tsari, shi ne bai taɓa faɗa ba. Torleif ya yi tari, ya ce a ƙara wa baƙi waina.

Motoci suka yi ta tashi a cike. Hanyar juji hagu take, amma kowa dama ya bi. Aslaug ta ce ƙila ana gyaran hanya ne.

Kafin la'asar ɗaki ya zama fayau. Aslaug ta shiga, ta taka daɓe, ta buga shi da dunduniya, sannan ta je ta fara kwance akwati. Torleif ya zauna a bakin ƙofa yana share hawaye, yana cewa bai san ana ƙaunarsa haka ba.

Sai ga Oddvar, manomin kan tudu, da tarakta da sarƙa. Ya gaisa, ya sha gahawa, ya yaba yanayi. Sannan ya durƙusa ya ɗaura sarƙar a gungumen nan biyu.

"Na ga kamar ka gama da shi, maƙwabci," in ji shi, yana kallon ƙasa don kunya.

"Aron sati biyu na ce maka, ko?" in ji Torleif.

"Haka ka ce. A shekarar da aka haifi babban ɗana ne. Yanzu har ya yi sanƙo."

Ɗaki ya bi tarakta ya haye tudu. Aslaug ta leƙo ta taga, ta ce daɓe ta nema, ga shi har ciyawa ta gani, ita kam ta zauna.

Kai kuma mai karatu, kafin ka yi dariya, tashi ka duba harafin da ke ƙotar gudumar gidanka ka mayar wa mai ita, domin a duk abin da Torleif ya tara, har da ɗakin, kwaɗon ƙofa kaɗai ne ba na aro ba.