Kwamfutar da Aminina Ya Sayar Min

"Wannan ba za ta karɓi sabuwar manhajar Windo ba," in ji Malam Babagana mai gyara a Dukawuya. "An kulle ta tun daga tushe. Ko an goge komai, makullin nan ba ya goguwa. Sai mai ita na asali."

Na kira aminina Abdulbaƙi, wanda ya sayar min da ita jiya.

"Ta hannu ce, daga Turai aka kawo ta," ya ce. "Ina zan san lambar sirrin wani Bature?"

Na yarda. Shi ne fa ya raka ni cigiya lungu-lungu a Madabo, ranar da aka sace tawa kwamfutar daga ɗakina. Shi ne ya riƙe hannuna har da ƙwalla, ya hana ni sa malamai su yi wa ɓarawon Yasin. Wai in yafe.

Na jawo kwamfutar. Sabon murfi, sababbin madannai. Don sabo kawai, yatsuna suka rubuta lambar sirrina ta da: sunan mahaifiyata, 'Yardada.

Ta buɗe.

Sai a lokacin na gane wanda Abdulbaƙi yake yi wa kuka.